Baƙin ciko ko farin ciko: wanne ya dace da haƙorinka?

Kawuna ya fi shekara ashirin yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, kuma duk tsawon zamansa a Legas bai taɓa hawa kujerar likitan haƙori ba sai bana. Turminsa na ƙasa ta hannun dama ne ya yi kogo. In ya kurɓi ruwan sanyi ko shayi mai sukari sai ya dafe kunci, zugin ya yi ɗan lokaci ya wuce. In ya ci nama kuwa sai ya nemi tsinken sakace. Ya yi ta cusa kanumfari a ramin har ya gaji, ran nan ya kira ni da sassafe ya ce, "Ɗan nan, zo ka raka ni a cire shi in huta."

Abin da yawancinmu muka sani ke nan: haƙori ya yi ciwo, a cire. Amma da likitar ta duba, ta ɗauki hoton haƙorin, sai ta ce ruɓewar ba ta kai jijiya ba, cirewa asara ce, ciko za a yi. Daga nan ta tambaya wane iri yake so. Ni ne tafinta, domin da Turanci take magana. Kawu ya dube ni ya ce, "Ashe cikon ma iri-iri ne?"

Iri-iri ne, kuma mutum kan gamu da wannan tambayar ne a lokacin da bai shirya mata ba, baki a buɗe, fitila a ido, ga mutane na jira a waje. Sai ya ce a sa mai araha, ko a sa fari don ya fi kyan gani. Sunayen ma suna jan kunnen Bahaushe, don farin ciko ya yi kama da farin ciki, baƙin ciko kuma da baƙin ciki. Launi kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Abin da ke raba gardama shi ne inda haƙorin yake, girman ramin, wanda za a yi wa, da kuma ko likita zai iya tsare wurin daga yawu har ya gama aiki.

Baƙin cikon shi ake kira amalgam, kuma a zahiri ruwan toka ne mai ƙyalli, sai ya daɗe yake duhu. Kusan rabinsa zaiba ce, wato makuri, sauran kuma garin azurfa da kuza da tagulla. Ana kwaɓa su a ɗan inji, a danna a ramin tun da laushinsa, ya daskare ya zama ƙarfe. An fi shekara 150 ana aiki da shi. Ƙarfinsa ba a magana, a turmi yakan kai shekara 10 zuwa 15, akwai ma masu yawo da nasu sama da shekara 20. Wani alherinsa da ba a cika faɗa ba shi ne haƙurinsa da yanayin aiki. Ko ɗan danshi ya taɓa wurin, ko mutum ya kasa buɗe baki na tsawon lokaci, ba ya saurin lalacewa, kuma ba a daɗe ana sa shi.

Aibinsa na farko shi ne ba ya manne wa haƙori. Zama kawai yake yi a ramin kamar yadda ƙota ke zama a gatari, saboda haka dole likita ya sassaƙa ramin ya yi masa siffar da zai riƙe shi, har ya ci wani ɓangare na lafiyayyen haƙori. In ramin ya yi faɗi sosai, bangon da ya rage yakan yi siriri, wata rana a tauna ƙashi ya tsage. Ga shi kuma ba ya ɓoyuwa, ba wanda zai yarda a sa masa shi a haƙoran gaba.

Sai maganar zaiba, wadda ita ce ke tayar wa mutane hankali. Gaskiya ne cikon yana fitar da ɗan tururin zaiba kaɗan-kaɗan, musamman lokacin sa shi da lokacin cire shi, da kuma ga mai yawan tauna ko cizon haƙora cikin barci. Hukumomin lafiya na ganin abin da ke fita bai kai ya cutar da baligi mai ƙoshin lafiya ba. Amma a watan Satumba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a guje masa in da hali ga masu juna biyu da masu shirin ɗauka, masu shayarwa, yara musamman 'yan ƙasa da shekara 6, masu ciwon ƙoda, masu cutar da ta shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da waɗanda jikinsu bai jituwa da zaiba. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga 1 ga Janairu, 2025, sai dai in likita ya ga larura.

Babban dalilin da ya sa duniya ke janye hannu daga gare shi muhalli ne. Ragowar cikon da ake gurzawa tana bin magudanar ruwa, ta tafi inda kifi yake. A 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata na ƙasar Japan, inda wani kamfani ya riƙa zubar da dattin zaiba a teku, mutane suka ci kifin, wasu suka shanye, wasu suka mutu, aka haifi yara da nakasa. Nau'in zaibar da ke taruwa a kifi daban ne da wadda ke cikin ciko, amma wadda aka zubar a ruwa tana iya rikiɗa ta koma shi. Sunan garin aka ba yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a 2013 don rage zaiba, Najeriya kuma ta shiga cikinta a 2018. A taron 2022 aka ƙara sharaɗin a kauce wa amalgam ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. Wanda ke zaune a birnin da tafki da teku suka kewaye, yana kuma cin kifinsu, ba zai ce wannan magana ba ta shafe shi ba.

Duk da haka ina roƙon mai tsohon baƙin ciko a baki, in lafiyarsa ƙalau, bai tsage ba, ba ruɓewa a gefensa, kada ya bari a tsorata shi ya biya kuɗi a ƙwaƙule. Lokacin gurzawar ne zaiba ta fi fita, kuma duk sanda aka sauya ciko ramin ƙara faɗi yake yi. Ita kanta hukumar ta Amurka ba ta ce a cire mai lafiya ba.

Farin ciko, wanda likitoci ke kira kwamfozit, wani irin roba ne da aka cuɗa da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Tun shekarun 1960 aka fara shi, kuma na yanzu ya fi na da inganci nesa ba kusa ba. Likita zai zaɓi launin da ya yi daidai da haƙorinka, in ya gama ko kai sai ka lalubi inda aka yi aikin. Yana manne wa haƙori, don haka ruɓaɓɓen wurin kawai ake cirewa a bar sauran. In gefensa ya ɓantare ana iya yi masa faci ba sai an tone duka ba. Ga haƙorin gaba da ya karye ko ya yi kogo, babu ma wata shawara, shi ne.

Amma aikinsa yana da ƙa'ida mai tsauri, kuma a nan ne mutane ke shan wahala ba tare da sun san dalili ba. Sai an shafa wani ruwa mai tsami a ramin na 'yan daƙiƙoƙi, a wanke, a busar, a shafa gam, a haska masa shuɗiyar fitila. Sannan a riƙa zuba cikon hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, ana haska kowanne daƙiƙa 20 zuwa 40 har ya bushe. Dalilin bin sa a hankali shi ne yana ɗan tsukewa in ya bushe. In aka zuba da yawa lokaci guda sai ya ja baya daga bangon ramin, ya bar wata kafa da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Duk wannan aikin kuma dole ne wurin ya kasance a bushe ƙayau. Ɗigon yawu ko jinin dasashi ya isa ya ɓata gam ɗin.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Shekarun baya an yi mini farin ciko a turmi a wani ƙaramin asibiti. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, injin tsotse yawu ya tsaya, kafin janareta ya tashi bakina ya cika. Aka cusa auduga aka ƙarasa. Na yi wata da watanni ina jin tsami duk sanda na tauna, bai cika shekara ba ina cin gasasshiyar masara ya fita gaba ɗaya. Da na je wani wurin, likitan ya ɗaura wata 'yar shimfiɗar roba da ke fito da haƙorin shi kaɗai ta raba shi da sauran baki, ya ɗauki kusan minti 40 a kan rami ɗaya. Wannan yana nan har yau. Kaya iri ɗaya ne, hannu da tanadi ne suka bambanta.

Shi ya sa in za a yi maka farin ciko a turmi, ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita yadda zai tsare wurin daga yawu, da ko akwai wutar da ba za ta yanke ana tsakar aiki ba. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

A wajen daɗewa, farin ciko a turmi yakan yi shekara 5 zuwa 10, a hannun gwani da bakin da ake tsaftacewa yakan wuce haka. Binciken da aka yi na kwatanta su biyun a turame ya nuna farin ya fi saurin lalacewa, kuma ruɓewa ta fi komawa gefensa. Ya fi baƙin tsada, don kayansa sun fi yawa kuma ya fi cin lokaci. Sannan ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato goro. Farin ciko yana shan launi. Mai cin goro da shan baƙin shayi ko taba zai ga gefen cikon ya fara ja, sannu a hankali ya fita daban da haƙorin. Ana iya goge shi a asibiti ya ɗan washe, amma wanda ba ya rabuwa da goro ya san da wannan tun kafin ya biya.

Akwai na uku da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da gidajenmu da yawa. Sunansa gilas ayonoma, ni dai simintin gilashi nake ce masa. A Ingila aka ƙirƙiro shi, aka fito da shi a farkon shekarun 1970. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa, fari ne amma ba shi da sheƙin kwamfozit. Yana kama haƙori da kansa ba tare da gam ba, ɗan danshi ba ya hana shi zama, kuma yana sakin sinadarin fuloraid a hankali, irin wanda ke cikin makilin, wanda ke taimaka wa haƙori ya jure ruɓewa. A Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 1980, aka ɓullo da hanyar cike haƙori da shi ba inji ba wutar lantarki, da ɗan cokalin hannu kawai ake kwashe ruɓaɓɓen wurin a danna simintin da yatsa, sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a bukata. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Da shi aka cike wa 'yata mai shekara 6 haƙorinta. Yarinyar da ƙarar inji kaɗai ke sa ta kuka, ta zauna a cinyar mahaifiyarta aka gama cikin 'yan mintoci. Iyaye da yawa kan ce ai haƙorin yarinta ne, zai faɗi. Zai faɗi, amma turamen yarinta sukan zauna har yaro ya kai wajen shekara 10 zuwa 12 kafin su fita, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. In an bar su sun ruɓe, yaro ya yi ta fama da ciwo da kumburi, in an cire da wuri kuma na bayan su fito a karkace.

Simintin gilashi ya dace kuma da ramin da ke wuyan haƙori dab da dasashi, irin wanda ake gani a bakin dattawa ko masu dirzar haƙori da ƙarfi, da aswaki ne ko da burushi mai tauri. Ya dace da mai juna biyu da ke son a rufe ramin cikin sauri. Rauninsa shi ne ba shi da ƙarfin ɗaukar tauna. A babban rami a saman turmin baligi yana zaizayewa ko ya fashe, da wuya ya wuce 'yan shekaru. Wasu likitocin kan shimfiɗa shi a ƙasan rami mai zurfi su ɗora kwamfozit a kansa, a ci amfanin duka biyun.

Kada a rikita waɗannan da cikon wucin gadi. In an sa maka wani farin abu mai ƙamshin kanumfari, to shi ne, don da man kanumfarin ake haɗa shi, kuma aikinsa ya kwantar da haƙori na 'yan makonni kafin a yi na ainihi. Na san mutane a Agege da suka ji zafi ya tafi suka ƙi komawa, suna zaton an gama. Abin ya narke a hankali, ruɓewa ta ci gaba a ƙarƙashi, ranar da suka koma sai cirewa.

Zinare da tangaran nasu tsarin daban ne. Ba a baki ake kwaɓa su ba, awon ramin ake ɗauka a ƙera abin da zai cike shi daidai, a dawo a manna, yawanci zuwa biyu ke nan. Zinare ya fi kowane daɗewa, shekara 20 ba abin mamaki ba ne a gare shi, kuma ba ya cinye haƙorin da ke gogayya da shi. Tangaran yana da kamar haƙori, goro bai cika rina shi ba, sai dai yana iya tsagewa a bakin mai tauna ƙanƙara ko ƙashi. Kuɗinsu ya ninka na sauran sau da yawa, ba kuma kowane asibiti ke yi ba. Wannan ba shi ne haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi ba, wancan ado ne da ake sanya wa lafiyayyen haƙori. Maza masu tambayar hukuncin zinare, malamai kan kafa hujja da hadisin Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinare. Izinin na larura ne, saboda haka wanda farin ciko ko tangaran zai wadatar da shi, ya tambayi malaminsa kafin ya zaɓi zinare.

Kuɗi a Legas ba ya tsayawa wuri ɗaya, don kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Amma jerin bai cika sauyawa ba: amalgam da simintin gilashi a ƙasa, kwamfozit a sama da su, tangaran da zinare can nesa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, a tsakiyar unguwar Hausawa, da na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, duka suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jiha. Sun fi sauƙin kuɗi, sai dai a yi sammako a kuma yi haƙurin layi, wanda ga ɗan kasuwa shi ma kuɗi ne. Masu zaman kansu sun fi sauri, wasunsu ma sun daina ajiye amalgam. Mai inshorar lafiya, ta gwamnatin jihar Legas ce da ake kira Ilera Eko ko ta wurin aiki, ya tambaya tun a teburin karɓar kati wane ciko take biya. Masu yawo da jaka a kasuwa suna cewa suna cire tsutsar haƙori kuwa, a bar su. Babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale su fitar da tsamin da ke narkar da shi.

Ciko kowane iri ne yana da iyaka. In zafi yana tashinka cikin dare ba tare da ka ci komai ba, ko ya daɗe yana zugi bayan ka sha abu mai zafi, ko dasashi ya kumbura, to alama ce ruɓewar ta kai jijiya. Rufe irin wannan ramin ƙara masa wuta ne, sai an yi aikin jijiya tukuna. In kuma abin da ya rage na haƙorin bai taka kara ya karya ba, hula ake sa masa ta rufe shi duka.

Da za a tambaye ni, haƙorin gaba kwamfozit zan ce. Ƙaramin rami ko matsakaici a turmi shi ma kwamfozit, muddin na gamsu da hannun likitan da kayan aikinsa, don haƙorin da ba a sassaƙe ba yana da daraja. Yaro, mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ba na son a kusance su da amalgam alhali ga simintin gilashi da kwamfozit. Amma babban rami a can ƙuryar baki, wanda ya gangara har ƙarƙashin dasashi inda ba yadda za a yi a busar da shi, a bakin baligi mai lafiya da ba shi da halin tangaran, har yanzu ban ga laifin wanda ya zaɓi amalgam ba.

Ramin Kawu irin wannan ne. Likitar ta tambaye shi ko yana da ciwon ƙoda, ya ce a'a. Ta tambayi goro, ya yi murmushi ya nuna aljihu. Na fassara masa duk abin da ta faɗa, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, "Ka ce mata ta sa mai ƙarfin, wa zai leƙa can ciki?" Ta kuma gano wani ɗan zaizayayyen wuri a wuyan haƙorinsa na sama, ta rufe shi da simintin gilashi a zama ɗaya. Da za mu fita ta ce, "Baba, kada ka tauna komai mai tauri ta ɓangaren nan sai bayan awa 24, amalgam ba ya gama ƙarfi nan take. In ka ji cikon ya yi tudu yana riga sauran haƙora haɗuwa, ka dawo in rage shi, kada ka jure."

A motar komawa Mile 12 ya ciro goron ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu, ya ce sai gobe.